Harsasai Takwas na Ntate Sekhobe

Shekara ashirin Ntate Sekhobe ya yi yana gyaran manyan motoci a Durban kafin ya dawo ƙauyenmu, bayan Matatiele, ya sayi tumaki saba'in. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, kuma har yau ina kewarsa.

A gindin duwatsun nan, mai tumaki ba ya zama hannu rabbana, don ɓarayin dabbobi ba sa jiran rana ta faɗi. Kowa ya nemi lasisi ya sayi ƙaramar bindiga irin ta kowa, wadda harsashinta ke kowane shago. Shi kuwa sai ya kwaso wata tsohuwa ƙirar Rasha a wani shago a garin Kokstad, mai harsashi siriri da wuya kamar kwalba.

"Ntate, wannan tsohuwar a wane kabari ka tono ta?" na tambaye shi.

"Ƙanena, kai dai yi shiru. Ta fi taku araha, tana huda ƙofar mota, kuma ba mai zuwa roƙon harsashi gidana. Ko ɓarawo ya gan ta ba zai ɗauka ba, me zai sa mata?"

Duk gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne kwalin harsashi ɗaya tal suka ba shi. Da ya gama gwaji da murna, saura takwas. Duk sanda ya koma shagon sai a ce ya dawo wata mai zuwa, har ya gaji ya daina tambaya.

Daga nan bai ƙara harba ko ɗaya ba. Mu mukan je bayan kwari mu gwada namu, shi yana zaune kan dutse cikin bargonsa yana mana tsiya wai muna ƙona abinci. Shekara tara ke nan.

Bakanike ne, a wurinsa duk ƙarfen da ba mai a jikinsa ya mutu. Kowace Lahadi bayan coci yakan zare harsasan, ya jiƙa su cikin man inji a gwangwanin taba, ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Mamosa takan ce, "Baban yara, ko ni ba ka shafa mini mai haka." Ni ma na sha yaba ƙyallinsu. Wannan yabon yana ci mini rai.

Ranar da abin ya faru ina kasuwar ulu. Da la'asar hazo ya sauko, mutum uku suka ɓullo daga cikinsa da dogayen bindigogi. A nan kowa ya san ƙa'ida: in sun fi ka yawa, ka rufe ƙofa ka bar musu. Mamosa ta riƙe masa riga.

"Sake ni, mata. Mai bindiga ba ya ɓuya."

Ta taga ta ga komai. Ya tsaya bakin garke, ya ɗaga bindigar, ya ja kunama. Ƙyas. Ya zare wancan harsashin, ya sake ja. Ƙyas. Ta ce a na uku ya sunkuya yana duban bindigar, kamar injin da ya ƙi tashi. A haka suka harbe shi.

Ɗan sandan da ya zo ya shinshina gwangwanin, ya girgiza kai. Ya ce mai yana ratsa gindin harsashi a hankali ya kashe shi, wataƙila shekaru ke nan ba mai rai a cikinsu. Da Sekhobe ya gwada guda ɗaya da ya sani. Amma wa zai ƙona ɗaya cikin takwas?

Ɓarayin sun kora tumakin duka saba'in. Sun cire masa takalmi da bargo, har agogon hannu. Bindigar kuwa, Mamosa ta ce babbansu ya ɗauka, ya zare harsashi ɗaya ya duba, sannan ya ajiye masa ita a ƙirji.