Makullin Malam Kar-a-Taɓa

Shekara ashirin da shida Malam Kar-a-Taɓa ya yi yana riƙe da makullin laburaren makarantar sakandare, kuma ko littafi ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Yakan faɗi haka a wurin biki, yakan faɗa a wurin ta'aziyya. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, har matarsa takan ara idan ranta ya ɓaci. Ita ta san kofunan tangaran da ya kulle a kabad tun shekarar aurensu, suna jiran baƙin da suka isa.

Duk farkon shekara akan kawo masa 'yan aji ɗaya ya nuna musu ɗakin, ya karanta musu dokokinsa. Bana, kafin ranar, shugaban makaranta ya kira shi ofis.

"Malam, mai duba makarantu za ta zo ranar da za ka karɓi sababbin ɗalibai. In ba ta gamsu ba, makullin nan zai koma hannun malamin kwamfuta."

"Wannan mai matsattsen wandon?"

"Shi."

"Ranka ya daɗe, ta zo ta gani da idonta."

Kwana uku yana goge kantoci. Kwamfutoci goma da aka kawo shekara takwas da suka wuce, ya sake wanke farin ƙyallen da yake rufe su da shi, ya sa aka yi masa guga. Layin allin da ya ja a ƙasa, taku biyu kafin teburinsu, ya ƙara masa kauri.

Ranar ta zo. Yara arba'in suka shigo a jere, kowa hannunsa a baya. Mai duba makarantu ta zauna a kujerar ƙarshe da jakarta a cinya, shugaban makaranta yana tsaye a gefenta. Malam ya gyara murya.

"Doka ta ɗaya, ba a magana. Ta biyu, ba a ciro littafi daga kanta. In kana so, ka nuna da yatsa, ni zan duba ko ka isa karanta shi."

Dokokin talatin da huɗu ne. Wajen ta ashirin wani ya fara gyangyaɗi a tsaye. Da aka gama, Malam ya zo ɓangaren da yake ji da shi. Ya raba musu kwalaye, kowanne an zana masa maɓallan kwamfuta da biro.

"A nan za ku koya. Wanda hannunsa ya faɗa, sai mu duba maganar tsallake layi."

Wata ɗaliba mai tabarau ta ɗaga hannu. "Malam, 'yan aji nawa ne suke tsallakewa?"

"Har yanzu ba mu samu wanda ya kai ba."

"Yayata ta gama makarantar nan bara, kwalinta yana gida."

"Kin ga ke nan ta iya adana kaya. Ki yi koyi da ita."

Mai dubawa ta tashi a hankali, ta taka layin allin kamar ba ta gan shi ba, ta ɗaga ƙyallen. Kwamfutar tana cikin ledarta. Wayar wutarta tana naɗe da ɗaurin da aka yi mata tun daga kamfani. Ta duba ta biyu, ta duba ta uku.

"Ko ƙwarzane babu, ranki ya daɗe," in ji Malam, yana murmushi.

"Na gani, Baba."

Ta ciro wani littafi ta buɗe bangon baya, inda ake manna 'yar takardar da ake buga wa hatimin ranar dawo da littafin aro. Fara fat. Ta ciro wani, haka. Malam yana biye da ita yana mayar da kowanne gurbinsa, ƙirjinsa ya cika da alfahari. Rabonsa da samun mai lura irin wannan har ya manta.

Sai ta miƙa wa mai tabarau littafi ɗaya. "Baba, a ba ta aron wannan."

Ya dube ta, ya dubi shugaban makaranta, wanda ya sami abin kallo a silin. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko hatimin. Ya danna a kan tawada, ya buga. Babu komai. Ya hura masa iskar baki, ya sake bugawa da ƙarfi. Tawadar ta bushe ƙamas. Ya yi ƙoƙarin murɗa lambobin kwanan wata, suka ƙi. Tsatsa ta riƙe su a shekarar da ya kama aiki.

Wani daga baya ya ce, "Malam, a zana mata a kwali mana!"

Doka ta ɗaya ta karye a bakin mutum arba'in.

Kafin a tashi makullin ya koma aljihun matsattsen wando. Malam ya ji ƙarar yaga leda tun yana kan baranda, bai waiwaya ba. A hanya ya yi ta lissafin watannin da za a ɗauka kafin littafi na farko ya ɓata. Ya ba su biyu.

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da matarsa a falo tana shan shayi a kofin tangaran, ƙofar kabad a buɗe, sukudireba a ajiye gefe.

"Wa ya zo?"

"Babu kowa, Malam. Na ji an ce yau ake buɗe kaya. In zuba maka, ko nunawa za ka yi da yatsa?"