Ƙuri'a a Kan Idon Inna

Shekarar da ɗan mai gidan burodinmu na hanyar Maje ya dawo daga wani kwas a Abuja, ya tara mu a bakin tanda ya ce daga yau babu oga babu yaro. Ya sa aka cire ƙofar ofishinsa, ya hana a durƙusa masa. Komai sai an zauna an ɗaga hannu, shi ma ƙuri'a ɗaya gare shi. Muka ce, "To, Oga."

Ni kwaɓin fulawa ne aikina, ban damu ba, sai da asibiti suka sa wa Inna ranar aikin ido. Tana Lambata, yanar ido ta rufe mata gani, kuma ba ta yarda kowa ya yi mata jagora sai ni. A zamanin mahaifin Oga, da sai in same shi bayan azahar, ya yi faɗansa har ya gaji, sannan ya ce in tafi. Ɗan kuwa cewa ya yi, "Ba ni da wannan ikon. Ka kawo maganar wurin mitin."

Haka aka baje idon uwata a gaban jama'a. Mai gadi ya ce a fara gwada kwalli tukuna. Direba ya kawo labarin kawunsa, bai dire ba sai da burodi ya kusa ƙonewa. Mai kula da teburin sayarwa, 'yar Binuwai, ta ce, "Abeg, in ya tafi wa zai kwaɓa?" Ina zaune kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabci, takaici ya cika ni.

Oga ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ya naɗe nasa a ƙirji don kada ya rinjayi kowa. Ba wanda ya ɗaga. Na san duk suna so in tafi, amma wa zai riga Oga? Kowa sai satar kallon hannunsa yake.

Ana cikin haka wani ƙuda ya sauka masa a goshi. Ya daure, ya daure, can ya ɗaga hannu ya kore shi. Sai hannuwa suka tashi gaba ɗaya, mai gadi har biyu.

Oga ya washe baki. "Kun gani? Ku da kanku kuka yanke."

Ranar da aka kwance wa Inna bandeji, ta ƙare mini kallo ta ce na rame. Sannan ta ce, "Allah ya yi wa maigidanka albarka, mutumin kirki."

Na ce amin. Ƙuda ya sauka a bakin kwanon kokonta, na kai hannu zan buge shi, sai na fasa.