Gefena a Kwanon Lahadi

Shekarar da aka ce za a raba yankinmu na gida kashi biyu, ina aikin jinyar wata tsohuwar Baturiya a unguwar Stapleton, a Amurka. Kwana shida nake yi a gidanta, Lahadi ce kaɗai tawa. Tsohuwar ba ta da fitina, sai dai ba ta magana. Nakan wuni ban buɗe baki ba, har na kai ina yi wa tukunya sannu da Hausa in na ɗora ta, don kada harshena ya manta hanya. Ranar Lahadi kuwa tun da hantsi nake shiga jirgin ruwa, in sauka in kama jirgin ƙasa har unguwar Tremont da ke yankin Bronx. Wajen awa biyu nake yi a hanya saboda kwanon tuwo ɗaya.

Ba yunwa ke kai ni ba. A wani masallaci ƙungiyar 'yan yankinmu take taro, maza a sama, mu mata a ɗakin ƙasa, mu tuƙa tuwo da miyar ayoyo. Huɗu-huɗu muke zama a kwano, kuma ba a sauya kwano. Waɗanda kika fara ci da su, su ne naki har wata ta koma gida ko ta riga mu gidan gaskiya. Kowa da gefenta. Ba kya miƙa hannu gaban wata, nama kuma ba kya ɗauka sai an turo miki. A hannun damana wata babbar mace take zama, 'yar garinmu, ina ce mata Yaya ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ita ce ta ce a matsa mini ranar da na fara zuwa. Kullum sai ta turo mini ƙashi mai ɓargo ta ce, "Ci, ƙanwata, ke da kike zaman kurame."

Kogi ne ya ratsa yankinmu, a kansa za a yi rabon, gabas da yamma. Amma kafin a raba sai an zaɓi 'yan majalisar yanki na ƙarshe, su ne za su yanke ɓangaren da babbar kasuwar bakin kogi za ta faɗa. Mazaɓarmu ta haɗa gaɓa biyu, mutum biyu suka tsaya, ɗan gabas da ɗan yamma. Mu da ke nan ko ƙuri'a ɗaya ba mu da ita, amma muna da waya, kuma a gida ba a yar da maganar wanda ke Amurka. Sai kowa ya duƙufa kiran gidansu.

Ni kuwa gida biyu gare ni. A gabas aka haife ni, a yamma na yi aure. Mijina ya rasu tun kafin in zo ƙasar nan, ba mu haihu ba, amma har lokacin uwarsa 'yarta take kirana.

Wata Lahadi muna wanke hannu, Yaya ta ce, "Ki kira innarki, gidanku duka ɗan gabas za su yi." Na ce to. Ina ɗaura ɗankwali zan tafi, Magajiya, shugabar mata, wadda 'yar yamma ce, ta riƙe mini hannu ta ce, "Matarmu, ki gaya wa surukarki kada ta manta da ɗan gida." Ita ma na ce to.

Na kuwa kira su duka. Innata na ce mata gabas, surukata na ce mata yamma. Wallahi har murmushi na yi da na ajiye wayar, ina ganin na yi wayo, ban ɓata wa kowa ba. Kash! Na manta tsofaffin nan biyu duk ranar kasuwa a rumfar mai daddawa ɗaya suke hutawa. Kowacce ta yi alfahari da saƙon da 'yarta ta aiko daga Amurka. Labarin ya riga ni isa Tremont.

Lahadin da ta biyo bayan zaɓe, na sauka ɗakin ƙasa na tarar da tukunya biyu, tabarmi kashi biyu, an bar fili a tsakiya. Ɗan gabas ne ya ci, ba a ma raba yankin ba tukuna, amma mu har mun raba kwanuka. Na tsaya da takalmi a hannu.

Ɓangaren 'yan yamma ya fi kusa da ƙofa, na fara gaida su. Magajiya ta amsa da fara'a, sannan ta ce, "'Yata, mijinki ya rasu, kin gama takaba, babu ɗa tsakani. A al'ada kin koma gidan ubanki."

Na ƙetara filin. Tun ban tsuguna ba wata 'yar gabas ta ce, "Ai mace ta gidan mijinta ce. Ba ita ta nema wa ɗan yamma ƙuri'a ba?"

Na dubi Yaya. Kwanonsu ya cika mutum huɗu, wata ta zauna a gefena na kwanon. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da kin ce mini ba za ki iya ba, da na gane. Amma 'to' kika ce mini."

Da na yi shiru, da wataƙila an samu mai matsa mini. Amma bakin nan nawa! Na ce yau shekara nawa rabon wata a cikinku da ta ga ruwan kogin nan, kasuwar kuma wa zai ba ku rumfa a cikinta daga Bronx? Ba wadda ta kore ni, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Tuwo aka zuba mini a robar tafi-da-gidanka, aka ɗaure a leda, aka ce in gaida tsohuwata. Na sake zuwa sau biyu, duk roba aka miƙo mini tun daga ƙofa. Daga nan na daina.

Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a watannin nan. Lahadi ta zama kamar Talata. Na koma tuƙa tuwona a kicin ɗin tsohuwa, kuma hannuna bai iya tuƙa na mutum ɗaya ba, sai in juye shi a babban kwano in zauna a ƙasa.

Wata rana da azahar ina ci, tsohuwar na kan kujerarta tana kallona. Matar da takan yi mako ba ta ce uffan ba, sai ta tambaye ni me ya sa nake ci daga baki ɗaya kawai, ko sauran ya lalace ne.

Na duba kwanon. Na cinye gabana tas, gefe uku na nan yadda na kwashe su. Ƙashin mai ɓargo yana tsakiya, miya ta fara daskarewa a kansa, ban taɓa shi ba. Jira nake a turo mini.