Malamar Lissafi a Layin Tumatir

A kasuwar Petit Marché nake ganinta, tsugune gaban mai tumatir. Doguwa ce siririya, furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta. A wuyanta akwai katin aiki na wata makaranta da 'ya'yan jakadu da na manyan 'yan kasuwa suke zuwa, an rubuta Rifkatu. Hausarta ta Jos ce. Idan aka yi mata Zabarmanci sai ta nuna abin da take so da yatsa.

Ran nan wani mutum cikin shadda yana tsaye a kanta cikin rana, ya riƙe makullin mota da hannu biyu.

"Madam, jarrabawar Isma'ila ta matso, Turawan da ke koyarwa a lekol ɗinku kuma duk sun tafi. Ki taimaka masa da lissafi, ko da yamma ne."

Ba ta ɗaga kai ba. Tana juya tumatir ɗaya bayan ɗaya, tana latsawa, tana mayarwa.

"Alhaji, a gaban ɗalibaina ka ce ba ka kawo ɗanka don baƙar fata ta koyar da shi ba. Ka sa aka cire shi daga ajina."

"Kuskure ne, Madam."

"To, ka jira Baturen ya dawo."

Ina jin ta daɗe tana yawo da akwatinta daga wannan ƙasa zuwa waccan, tana haɗiye irin wannan magana don kada ta rasa aiki. Wannan kam ajiye ta ta yi har ranarta ta zo.

Ta miƙe da ledarta, ta raɓa shi ta wuce a hankali. Yana nan tsaye, mai tumatir tana roƙonsa ya matsa, ya tare mata masu saye.