Faya-fayan Baba a Rumfar Biki

Mahaifina likita ne. A ƙasar Rasha ya yi karatu yana saurayi, kuma abin da ya dawo da shi daga can, ban da aikin likita da wata ƙatuwar rigar sanyi da ba ta taɓa yi masa rana a Kano ba, shi ne akwatin katako cike da faya-fayan garmaho. Daga baya duk abokinsa da zai fita waje, saƙon Baba ɗaya ne, a taho masa da faifai. A haka suka cika kantocin ƙaramin falonsa, a gidanmu na Nassarawa, irin tsofaffin gidajen nan na gwamnati masu faɗin fili da dogayen bishiyoyin maɗaci.

Babu waƙa a faya-fayan nan. Kiɗa ne zalla: fiyano, da gogen Turawa, da wani babban goge da makaɗi yake zama ya kafa shi tsakanin gwiwoyinsa. Hajiyarmu kiɗan makoki take ce masa. Yayana kuwa, wanda shi ne babba a gidan, da ya ji Baba ya ɗaga murfin rediyogaram, na'urar da ke juya faifan, sai ya suri ƙwallonsa ya fice. Ni ce mai zama. Da farko ma ba don kiɗan ba, don gyaɗar da Baba yake ajiyewa a kwalba a gefen kujerarsa.

Ranar Asabar bayan la'asar muke zaman. Baba yana da wata al'ada: kiɗa ɗaya zai sa mini, amma daga hannun makaɗa daban-daban. In ya ƙare sai ya ɗage allurar ya dube ni.

"Uwata, wa ya fi?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ai duk ɗaya ne, Baba."

"To sake ji."

Sai da na daɗe kafin kunnena ya buɗe. Akwai wani saurayi mai babban goge, hannunsa tsaf, ga sauri, ba ya kuskure ko kaɗan. Baba ya kan ce wannan so yake a san ya iya. Akwai kuma wani tsoho da yake kaɗa kiɗan nan dai, amma a hankali, kamar mai hawa tudu da kaya a ka. In ka kasa kunne za ka ji numfashinsa a cikin faifan, wani wurin har nishi yake kafin ya ja bakan a kan tsirkiya. Ranar da na fara jin nishin nan na ce, "Baba, mutum ne a ciki!" Dariyar da ya yi har sai da Hajiya ta leƙo.

Bai taɓa raina namu na gida ba. Ya kan ce mai gogen ƙauyensu da tsirkiya ɗaya yake sa dattijo hawaye, waɗannan kuwa huɗu aka ba su, don haka ba su da uzuri.

Amma wadda ya fi so wata mai fiyano ce. Hotonta yana jikin kwalin faifan: tsohuwa mai jiki, cikin baƙar riga, fuskar nan ba fara'a, kamar an bi ta bashin gaisuwa. Duk rubutun kwalin da haruffan Rasha ne, Baba kaɗai ke iya karantawa, sunan kuma dogo ne mai wuyar faɗa, saboda haka a gidanmu Tsohuwa kawai muke ce mata. In ta sauke hannun hagu a kan fiyanon sai ka ji kamar ana daka a turmi, har gilashin taga yana amsawa. Kafin ka farfaɗo ta koma can ƙasa-ƙasa, tana taɓa sautin ɗaya bayan ɗaya, tana barin shiru a tsakani har sai ka riƙe numfashi. Duk ranar da mara lafiya ya rasu a hannun Baba, in ya dawo ya yi sallah, ita yake sawa.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa ina gidan mijina a Giginyu. Yaya ya dawo gidan Nassarawa da iyalinsa don kada Hajiya ta zauna ita kaɗai, kowa ya ce hakan ya yi. Bayan an share makoki na ce masa ina son faya-fayan. Ban nemi kujera ba, ban nemi agogo ba, su kaɗai.

"Ki bar su a inda suke," ya ce. "Falon Baba ne, ba na son a taɓa komai a ciki. Duk lokacin da kike so ki zo ki ji abinki."

Na ga maganarsa da kyau, na yarda. Na riƙa zuwa wasu Asabar ɗin in zauna ni kaɗai. Ana nan sai matarsa, wadda muke ce wa Anti, ta buƙaci falon don baƙinta. Aka fitar da kantocin, aka zuba faya-fayan a buhuna aka kai sito. Na sake yi wa Yaya magana. Lokacin ana shirin aurar da babbar 'yarsa.

"Ke dai bari a gama bikin nan," ya ce. "Ni da kaina zan sa direba ya kawo miki har gida."

A filin gidan aka yi kamu. Na iso da yamma cikin anko, na tarar an kafa wata ƙatuwar rumfa tun daga bakin ƙofa har gindin maɗacin da muke lilo muna yara. Ko'ina ruwan gwal. Daga saman rumfar an rataye wasu zagayayyun abubuwa da siririn zare, suna juyawa a iska suna walƙiya. A kan tebura ma an shimfiɗa irinsu a ƙarƙashin kowane faranti. Har na ce wa wata 'yar uwarmu da muka shigo tare, "Kai, an ƙawata wurin nan." Da bakina na faɗa.

Na zauna, aka kawo abinci. Na kai hannu zan gyara farantina, sai yatsana ya bi ta kan abin da ke ƙarƙashinsa. Na ji sirarun layuka a jere, masu zagayawa. Yatsan nan ya san su tun ina ƙarama. Na ture farantin na juya abin. Bayansa baƙi ne, fentin bai kai can ba, ga takardar tsakiya nan lafiya lau. Tsohon nan ne mai nishi.

Na ɗaga kai na dubi saman rumfar. Duk su ne. An huda kowane a gefe an zura zare, har na kan teburan ma duk da hudarsu. Na dubi tsakiyar teburin, inda aka zuba dabino da alewa a wani kwano mai lanƙwasassun baki. Shi ma faifai ne, an gasa shi a wuta har ya yi laushi aka murɗe shi, aka feshe ciki da waje.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na sami Anti a bakin rumfa tana gaisawa da ƙawayenta, na nuna mata abin da ke hannuna.

"Anti, mene ne wannan?"

"Au, kin gane su?" ta ce, tana murmushi. "Wallahi mai dekoreshan ce ta gan su a sito ta ce yanzu su ake yayi. Kin ga yadda suka fito kuwa? Kowa sai tambaya yake."

"Ina kwalayensu?"

"Waɗannan tsofaffin takardun? Duk gara ta fara ci. An ƙone su da shara tun shekaranjiya."

Ƙarya ne, babu garar da ta ci su. Ni nake kakkaɓe su da hannuna.

Ina tsaye a wurin sai mai gabatarwa ya ce a yi shiru, ga wani abu na musamman. Wani mutum ya fito cikin farar kwat, riƙe da farin goge mai ƙananan fitilu a jikinsa. Kiɗa ya tashi daga lasifika, shi kuma ya lumshe ido yana lanƙwasa kamar ciwon ciki ya kama shi. Kallo ɗaya na yi wa hannunsa. Sautin yana hawa, yatsunsa suna nan inda suke. Sautin ya tsaya, bakansa yana ta tafiya. Ba shi yake kaɗawa ba, ko kusa. Mata suka tashi da guɗa, wayoyi suka yi sama ana ɗauka. A filin gidan Baba, a ƙarƙashin mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu suna koyon yadda za su ja sauti ɗaya ya fita daidai, an rataye su kamar kilishi, ana yi wa mai kwaikwayo tafi.

Na kama zaren da ya fi kusa da ni na fizga. Ashe duk a igiya ɗaya aka ɗaura su. Layin gaba ɗaya ya zubo a kan tebura, kofuna suka kife, wata Hajiya ta yi salati. Ban tsaya ba. Na bi tebur-tebur ina ɗaga farantan mutane ina zare faya-fayan, ina tarawa a mayafina. Wasu na cewa lafiya, wasu na ja da baya. Na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ko aljanu ne.

Yaya aka kira daga wajen maza. Ya ja ni zuwa falon Baba, wanda yanzu aka cika da fararen kujeru, ya rufe ƙofa.

"Kina da hankali kuwa? A bikin 'yarki? A gaban surukai?"

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Me?"

"Yaya, ka san za a yi wannan ko ba ka sani ba?"

Ya kau da kai. "An gaya mini za a ɗauki wasu. Ban zaci duka ba ne."

"Sau nawa na roƙe ka? Ka ce kada a taɓa kayan Baba. Ni ka hana, ka ba mai fenti!"

"Ki rage murya. Tsofaffin robobi ne fa. Wa yake jin faifai yanzu? Duk abin da ke cikinsu yana cikin waya, ki buɗe ki ji har ki gaji."

"To faɗa mini sunanta in nema."

"Sunan wa?"

"Tsohuwa."

Bai ma san wa nake nufi ba. A gida ɗaya muka tashi, uba ɗaya ya haife mu, amma bai taɓa zama ya ji abin da mutumin nan yake ji in ransa ya ɓaci ba. Wannan ya fi fentin ƙona mini rai.

Hajiya ta shigo tana dogara sandarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi abin da ke cikin mayafina, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗauki ki tafi gida. Gobe ma yi magana." Na fita ta ƙofar baya, ban yi wa amarya sallama ba.

Washegari na gwada wanke ɗaya da kananzir. Fentin ya fita, layukan suka bi shi. Na kai sauran wurin wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, ya ɗora ɗaya a kan na'urarsa ta gefen da ba a fesa ba. Kiɗan ya fara, har na fara murna, sai allurar ta iso ramin da aka huda ta yi tsalle. Haka kowanne. Wasu kuma zafin rana a rumfa ya riga ya lanƙwasa su.

Gaskiya ne, na sami wasu a waya. Waɗanda takardar tsakiyarsu ta tsira, kuma aka rubuta da haruffan boko, na kwafi sunayen na nema. Na sami tsohon mai babban goge, da nishinsa da komai, na zauna a kicin na yi kuka mai isata. Amma faya-fayan Tsohuwa ba sa cikin waɗanda na kwaso. Ina jin suna cikin waɗanda aka gasa aka yi kwanon dabino, masu dekoreshan kuma sun kwashe kayansu tun da safe. Na saurari mata masu fiyano na ƙasar Rasha iya waɗanda na samu. Akwai gwanaye a cikinsu, wata ma ta sa na tsaya cak da wanke-wanke a hannuna. Sau da yawa na kan ce ita ce, in na ƙara saurare sai in ji ba ita ba ce, ko kuma in kasa tabbatarwa. Wanda zai raba mini gardama yana kabari.

Dangi sun yi ta zarya. Kowa abin da yake faɗa ɗaya ne, wai na kunyata gida a kan abin da bai kai ya kawo ba, in je in ba Anti haƙuri. Amarya na je na ba haƙuri har ɗakinta, don ita ba ruwanta, kuma ranarta na ɓata. Anti kuwa ban je ba, ba kuma zan je ba.

Bayan 'yan makonni direban Yaya ya yi sallama a ƙofar gidana da wani kwali. Sabuwar lasifika ce, irin wadda ake haɗawa da waya, mai tsada. Ya ce Alhaji ya ce a kawo mini, wai in riƙa jin kiɗana da ita. Na ba shi ruwa ya sha, na tambaye shi mutanen gida, sannan na ce ya mayar da ita mota.

"Hajiya, me zan ce masa?"

"Ka ce ka same ni lafiya."

Har yanzu ina zuwa Nassarawa duk Juma'a gaishe da Hajiya. Ta ƙofar baya nake shiga, in wuce ɗakinta kai tsaye. In na haɗu da Yaya a tsakar gida na kan durƙusa in gaishe shi yadda aka koya mini, ya amsa, in tashi in wuce. Hajiya ta ce wannan ba gaisuwa ba ce. Na ce mata gaisuwar da nake da ita ke nan a yanzu.