Jikana da na hana zuwa Yamai

Ni tsohuwa ce, mutumiyar Barmu, amma a garin Tawa na tsufa, bakin tasha, ina dama fura. Ban taɓa zama lakwal ba, wato makarantar boko, malamar da ke haya gidanmu ita ke rubuta wannan, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki. A lokacin da abin ga ya faru, duk tasha an san ni da abu guda: in na yi magana, ta zauna. Direbobi na kawo mini rigimarsu in raba. Ina jin daɗin haka, ba zan ɓoye muku ba.

Ɗana direba ne, ya rasu a hanya ya bar mini yaro namiji. Ranar addu'a, gaban mutane, na kama hannun yaron na sa cikin hannun abokin ubansa, wani makanike mai garaji bayan tasha. Aka raba goro, aka shafa Fatiha, na ce na ba shi, duniya da lahira. Haka ake ba da yaro ga sana'a a wurinmu, kuma wanda aka ba ya zama uba. Mutumin nan ya riƙe amana. Shi da kansa ya kai yaron lakwal ɗin koyon sana'a, ya ce safiya ta lakwal ce, marece na garaji. Yaro ya tashi da hannu mai kyau. In ya shigo gida baƙi ƙirin da man mota sai in ce ni ba ni auren gawayi, shi kuma ya ce ai tsohuwar mota irina sai makanike, wa zai kwasa in ba shi ba.

Shekarar da zai gama, wani malaminsu, Badamagare mai ladabi, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce lakwal ɗinsu ta ƙulla da wani kamfani mai sayar da sababbin motoci a Yamai. Kamfanin zai ɗauki ƴan kaɗan daga cikin yaransu ya koya musu aikin motocin zamani, irin waɗanda ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu, in sun ƙware a riƙe su aiki. Ya ce jikana na cikin waɗanda aka zaɓa, yardata kawai ake jira. Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce yaron yana da maigida, na riga na ba da shi gaban shaidu, kuma ni ba a taɓa jin na ba da abu sau biyu ba. Ya ce Inna a dai yi shawara. Na ce shawara ta ƙare tun ranar da aka ci goro. Na cika masa kwano da fura na sallame shi.

Yaron ya bi ni da lallashi. Ya fara da wasa, ya ce in bar shi ya je ya samo abin sake mini haƙora. Da ya ga ban yi dariya ba, ya roƙe ni in bari ya gaya wa maigidansa. Nan ne na yi rantsuwa. Na ce in ya kai maganar nan garaji ban yafe ba, don mutumin zai ji kunya ya ce a tafi alhali ransa bai so, a ce mun ci moriyarsa mun watsar. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce to, Kaka. Aka ba wani gurbinsa. Daga nan wasa ya mutu a gidana. Bayan girbi, da samarin Adar suka tashi tafiya biɗa, neman kuɗi a waje, kamar yadda suka saba, ya bi su Libiya.

Maigidan nasa ya zo yana tambayata abin da ya yi wa yaro har ya tafi ba sallama. Na gyara zama na ba shi labari duka, ina jiran godiya. Sai na ga ya cire hula ya dafe kai. Ya ce Inna kin cuce ni. Ya ce don wannan ranar ya kai shi lakwal. Sababbin motocin nan in sun lalace a Tawa, shi sai dai ya buɗe ya duba ya rufe, a ɗora su bisa babbar mota a kai Yamai, kuma burinsa yaron ya koyo ya dawo ya riƙe garajin. Sannan ya tambaye ni, in da gaske na ba shi yaron, don me ban bar shi ya yanke ba.

Yanzu jikana yana can yana kwaɓa siminti, da hannun nan da ke sauraren inji. Yana kira a waya, yana ce mini amarya, bai taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Maigidansa ya koma lakwal ya roƙa, suka ce in yaron ya dawo a kan lokaci za su duba. Na gaya wa jikana, ya ce sai ya gani. Rigarsa ta aiki tana nan rataye, na hana a wanke.

Ƴan uwana tsofaffi masu riƙon marayu, ku ji ni. Na ɗauka alkawari nake karewa, ashe sunana nake karewa a bakin tasha. In malamai sun zo muku da hanyar da ba ku sani ba, ku bari su gama magana, ku kira duk mai hakki a kan yaron, ku tambayi yaron kansa. Daga ƙofata zuwa garajin nan ko fura ba ta tsinkewa a hanya, kuma ban taka ba.