Rabon Kare Mai Ƙafa Uku

Shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa na fara ganin wani tsoho a bakin kasuwa, har yau kuma ban san sunansa ba. Maharbi ne dogo, siriri, da tabo mai zurfi a ƙwauri, irin wanda hauren gadu ke bari. In ya shiga daji, wani tsohon karensa mai ƙafa uku ke jiransa a rumfar mahauta.

Makon jiya samarin maharba suka yi masa dariya, wai idonsa ya tafi, ya sayar musu da bindigar ya huta. Yau ga shi tafe da barewa a kafaɗa, yana taku ɗai-ɗai kamar ango. Su kuwa ko zomo ba su samo ba.

"Baba, wane asiri ne wannan?" in ji babbansu.

Ya zaro ƙullin toka, ya barbaɗa kaɗan, iska ta yi gabas da ita.

"Ga asirin, ɗana. Kun shafa turare kamar masu zuwa zance, kun kuma ba iska baya. Nama da hanci yake gani."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mahauta suna ta tayi, bai kula su ba. Ya durƙusa, ya yanko hanta, ya ajiye a gaban karen.

Na dubi tabon, na dubi gurbin ƙafar nan, na ce a raina rana ɗaya aka same su. Sai da karen ya lashe baki sannan tsohon ya ɗago.

"To, nawa kuka ce?"